15 ga Oktoba: ranar da ta fi kusa da matan kasuwa

Idan watan Oktoba ya raba tsakiya, ba sai mun duba kalanda ba, kasuwa ce ke faɗa mana. Sabon hatsi yana shigowa a kan amalanke, ana roron wake, ana cirar gyaɗa, kuɗin tiya ya sauko daga inda ya hau lokacin damina. A cikin wannan hada-hada ta kaka ne ranar 15 ga Oktoba ke zuwa ta wuce, da yawanmu ba mu lura da ita ba. Alhali idan muka bi abubuwan da ke cikinta, kusan duk suna komawa ga mai tire da mai rumfa.

Ita ce ranar matan karkara ta duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da ita a ƙarshen 2007, aka fara bikinta a 2008. Ba banza aka sa ta jajibirin ranar abinci ta duniya ba, wadda ake yi 16 ga wata. To amma mu faɗi gaskiya: jawaban ranar a ɗakunan taro na birni ake yin su, ita kuwa mai ranar tana gona, ko tana bisa hanya da kwallar ƙuli-ƙuli da kwalabar man gyaɗa. Yanzu ne take sayar da ɗan abin da ta noma da araha saboda bashin damina, in bazara ta yi ta dawo ta saye shi da tsada. Wanda ke saye yana ɓoyewa kuwa ba baƙo ba ne, a cikinmu yake. Ranar ce kuma ta wanke hannu da sabulu, ita ma tun 2008. Masu tuwo-tuwo da masu fura sai a kula.

A Burkina Faso kuwa ranar juyayi ce. Ranar Alhamis 15 ga Oktoba 1987, bayan la'asar, sojoji suka harbe shugaban ƙasa Kyaftin Thomas Sankara tare da mutum 12 a Wagadugu. Shekarunsa 37, mulkinsa shekara huɗu da ƴan watanni. Sai a watan Afrilu na 2022 kotun soja ta yanke wa Blaise Compaoré, amininsa da ya gaje shi, ɗaurin rai da rai, shi kuma yana zaune a Kodebuwa.

Abin da ya sa muka kawo shi nan shi ne wata rana ta watan Satumba na 1984, da gwamnatinsa ta ce mata su zauna gida, maza su ɗauki kwando su je cefane da kansu. Manufar ita ce maigida ya gani da idonsa iyakar abin da kuɗin da yake ajiyewa da safe za su iya saye: tumatir nawa, albasa nawa, nama ko ƙashi. Duk matar da aka taɓa tambaya ina canji bayan ta cika da kuɗin adashenta ta san amfanin wannan rana. Shi ne kuma ya tilasta wa ma'aikatan gwamnati sa tufafin saƙin gida, Faso dan fani, don audugar ƙasa ta samu masaya, mata masu saƙa su samu ciniki. Ba kowane ɗan kasuwa ya ji daɗinsa ba. Masu shigo da atamfa da yadi sun ji a jika, kuma a zamaninsa aka rushe babbar kasuwar Wagadugu a 1985, ba a buɗe sabuwa ba sai 1989, bayan ya kwanta dama.

Daga Burkina sai mu gangara kudancin Najeriya. A ranar 15 ga Oktoba 1938 aka haifi mawaƙi Fela Kuti a garin Abeokuta na ƙasar Yarabawa. Kiɗansa da rigimarsa da sojoji sananne ne. Mu uwarsa ce ta fi ɗaukar hankalinmu.

Funmilayo Ransome-Kuti malamar makaranta ce, tana da ƙungiya ta matan ƴan boko, sai ta buɗe ƙofa ga matan kasuwa tana koya musu karatu. A nan ta ji kukansu: ana ƙwace musu shinkafa da sunan ƙayyade farashi, ga harajin kai da aka ɗora wa mata, irin wanda iyayenmu suka sani da lanho, alhali ba mace ko ɗaya a majalisar da ke kashe kuɗin. A 1946 ƙungiyar ta zama ta dukan matan Abeokuta. Da farko takardun koke suka riƙa rubutawa, ba a saurare su ba. A ƙarshen watan Nuwamba na 1947 dubban mata suka bar rumfunansu suka kwana a ƙofar fadar sarkin garin, Alake Ademola, suna waƙoƙin zambo. Aka kama wasu, sauran suka sake komawa fada har aka sako su. Kowa a cikinmu ya san abin da ake nufi da rufe rumfa kwana biyu ga mai cin yau da gobe, amma suka jure. Daga ƙarshe aka janye harajin, aka ba mata huɗu kujera a majalisar riƙo, shi kuma Alake ya sauka a watan Janairu na 1949, ko da yake ya koma gadonsa a ƙarshen 1950.

Ƙarshen Funmilayo bai yi daɗi ba. A watan Fabrairu na 1977 sojoji suka afka wa gidan Fela a Ikko, suka jeho ta daga tagar bene tana tsohuwa mai shekara 76. Ba ta warke ba har ta rasu a watan Afrilu na 1978. Fela ya bi ta a 1997, kuma a makon ranar haihuwarsa ne iyalinsa ke shirya bikin kiɗa na tunawa da shi a Ikko.