Bayan Ganuwar Taurari

Mai son ganin yadda Daura ke bunƙasa yakan wuce rijiyar Kusugu da ƙofar fada ya fita bayan gari, hanyar Kano ko ta Kwangwalam, inda sabon gini ke tashi. Masana sararin samaniya sun daɗe kafin su yi irin wannan lissafi a nasu fagen. Taurari a garke suke, biliyoyi a kowane garke, garkunan kuma kan taru ɗaruruwa ko dubbai su zama gungu, irin su Perseus da Coma. Tsakanin garkunan akwai iskar gas mai zafin digiri miliyoyi, wadda nauyinta ya ninka na taurarin duka, tana fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Iskar duniyarmu na shanye wannan haske, dole sai an harba madubin hangen nesa sama. Tauraron ɗan Adam Uhuru, da aka harba daga gaɓar tekun Kenya a Disambar 1970, shi ya fara nuna cewa gungu na haskawa haka. Daga nan kusan shekara talatin tsakiyar gungu aka zura wa ido, domin nan hasken ya fi ƙarfi.

Abin da ya juya hankali zuwa gefe kayan aiki ne. Chandra na Amurka da XMM-Newton na Turai, da aka harba a 1999, sun fi kaifin gani, amma suna yawo nesa da duniya inda ƙwayoyi masu cajin lantarki da gudu ke dama musu hoto. Suzaku na Japan, daga 2005 zuwa 2015, yana zagaye kusa, cikin inuwar maganaɗisun duniya, sai ya iya tsinto ɗan hasken da ke gefe. Akwai kuma buƙata: da zafin iskar da kaurinta ake auna nauyin gungu, da nauyin gungu kuma ake gwada lissafin yadda sararin samaniya ya ginu. Mudun da bakinsa ya karye ba ya ba da awo na gaskiya.

Sakamakon ya rikita abin da ake zato. A 2011 Aurora Simionescu da abokan aikinta suka auna Perseus har gefe, suka tarar iskar ta fi yawan da lissafi ya yarda. Bayaninsu shi ne iskar can curi-curi take, kamar kunun da bai damu ba, kuma tun da curi ya fi haskawa, madubi kan ɗauka ko'ina haka kaurin yake. A 2013 Norbert Werner da tawagarsa suka gano baƙin ƙarfe a barbaje daidai wa daida a gefen, kusan sulusin yawansa a jikin Rana. Ƙarfe daga fashewar taurari yake fitowa. Wannan daidaito na nuna ya watsu tun fiye da shekara biliyan 10, kafin gungun ya haɗu. A ganina wannan binciken kaɗai ya biya wahalar.

Masu suka na cewa hasken gefe ya yi rauni ƙwarai, har hasken garkenmu da na manyan baƙaƙen ramuka na nesa kan gauraya da shi, ga Suzaku kuma idonsa dishi-dishi. Suna da hujja. Da aka haɗa hotunan XMM-Newton da awon tauraron Planck, wanda ke auna matsin iskar ta wata hanya dabam, sai rikicin ya ragu a gungu da dama. Sai dai wannan gyara ma daga komawa gefen ya fito, da shaida biyu maimakon ɗaya. Inda sukar ta fi cizo shi ne ƙarancin kayan aiki: tauraron Hitomi ya lalace wata guda bayan harba shi a 2016, an dakatar da eROSITA na Jamus a Fabrairun 2022 saboda yaƙin Yukiren, XRISM kuwa, da ya tashi a Satumbar 2023, ya fi gwaninta a wurare masu haske.