Me Ya Sa Ƙahon Dandaƙaƙƙen Barewar Turai Yake Zama Dunƙule?

Mun saba ganin rago ko sa da ƙaho ɗaya har mutuwa. To barewar Turai da Amurka ba haka take ba. Ƙahon namijinta ƙashi ne, duk shekara yana faɗuwa wani ya tsiro.

Sabon ƙaho yana fitowa lulluɓe da fata mai laushi, cike da jini. Idan lokacin barbara ya gabato, sinadarin da 'ya'yan maraina ke fitarwa zai ƙaru, fatar ta bushe, ƙahon ya taurare. Bayan barbara sinadarin ya ragu, sai ƙahon ya faɗi.

Yanzu idan marainan sun lalace fa, ta hanyar dandaƙa, rauni ko cuta? In tun yana ƙarami ne, ƙaho ba zai fito ba sam. In ya girma ne, ƙahon da zai tsiro ba ya bushewa, ba ya faɗuwa, sai dai ya yi ta toho ƙulu-ƙulu.

Mafarautan Jamus suna kiran irinsa "mai hular gashi". Wani lokaci tsiron yakan rufe masa ido, ƙuda ya zuba tsutsa a ciki, har ya kashe shi.