Takobi Ko Wa'azi: Me Ya Yaɗa Addinin Kirista A Duniya?

Daga Wakilinmu Na Arewa

Ran nan ina cikin mota daga Kaduna za ni Jos, sai gardama ta kaure tsakanin waɗansu malaman makaranta biyu da ke zaune a bayana. Ɗaya ya ce addinin Kirista bai kai inda ya kai ba sai da ƙarfin sarakuna da bindigar Turawa. Ɗayan ya ce sam, wa'azi ne da kyawun hali da jinin waɗanda aka kashe saboda bangaskiyarsu. Tun daga Mararrabar Jos suka fara, har muka wuce Saminaka ba wanda ya sauko daga kan bakansa. Abin da na lura da shi kuwa, kowannensu wani zamani dabam yake nufi, amma ba su ankara ba.

Jama'a masu karatu, wannan gardama ba a motarmu aka fara ta ba. Tun a 1776 wani Bature ɗan Ingila mai suna Edward Gibbon, a littafinsa na tarihin faɗuwar Daular Rum, ya jera dalilai biyar da suka sa addinin ya bunƙasa, kuma malaman coci na zamaninsa suka yi masa ca don suna ganin ya rage wa ikon Allah daraja. Har yau masana ba su gama ba.

Bari mu fara da abin da ba a jayayya a kansa. Cikin shekara kusan 300 na farko, takobin yana hannun abokan gaban Kirista ne. Sarki Niro ya ɗora musu laifin gobarar birnin Rum a shekara ta 64, ya sa aka kashe su. Wajen 112 wani gwamna mai suna Filini, wanda ke mulkin wani lardi a ƙasar Turkiyya ta yanzu, ya rubuta wa Sarki Tarajan yana neman shawara, yana kukan cewa abin ya wuce birane ya shiga ƙauyuka, har ɗakunan gumaka sun kusa zama kufai. A 250 Sarki Dishiyas ya ba da oda kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida, watau kamar yadda talaka ke riƙe takardar haraji a zamanin En'e. An tono irin waɗannan takardu a Masar. A 303 kuma Sarki Diyokilishiyan ya sa aka rushe majami'u, aka ƙone littattafai. Duk da haka, masana da yawa suna ƙiyasin cewa wajen shekara ta 300 mutum ɗaya cikin goma a daular Kirista ne.

To, ta yaya? Wani masani Ba'amurke, Rodney Stark, ya yi lissafi a littafinsa na 1996. Ya ce in an ɗauka Kirista dubu ɗaya ne a shekara ta 40, kuma suna ƙaruwa da kashi 40 cikin ɗari kowace shekara goma, to kafin 300 za su kai miliyan 6. Watau ba a bukatar taron dubbai su tuba rana ɗaya. Ya isa mace ta jawo mijinta, maƙwabci ya jawo maƙwabci. Lissafin kan takarda ne fa, don ba wanda ya yi ƙidaya a lokacin, amma akwai abubuwan da ke goya masa baya. Sa'ad da annoba ta faɗa wa daular wajen 250, an ba da labarin Kirista suna jiyyar marasa lafiya alhali waɗansu na gudu. A 251 Bishop Korniliyas na Rum ya rubuta cewa cocinsa na ciyar da gwauraye mata da mabukata fiye da 1,500. Shaidar da ta fi ƙarfi ma daga bakin abokin gaba ta fito. Sarki Juliyan, wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363 ya kuma yi ƙoƙarin maido da bautar gumaka, ya yi ƙorafi cewa Kirista na ciyar da matalautansu har da na waɗanda ba Kirista ba.

Amma fa malamin da ya kawo zancen sarakuna shi ma ba a banza ya faɗa ba. A 312 Kwanstantin ya ci yaƙi a bakin birnin Rum, ya ce Allahn Kirista ne ya ba shi nasara. A 313 aka ba addinin 'yanci, aka maido wa coci dukiyar da aka ƙwace. Sarki ya gina manyan majami'u, ya ɗauke wa malaman coci waɗansu nauye-nauyen hukuma, a 321 ya mai da Lahadi ranar hutu. Wannan ba tilas ba ne, amma kowa ya san inda sarki ya sa gaba nan fadawa da masu neman muƙami ke sa gaba. Tilas ɗin ya biyo baya. A 380 Sarki Tiyodosiyas ya mai da addinin na hukuma, a 391 da 392 ya hana hadaya ga gumaka, kuma a wannan tsakani ne aka rushe babban ɗakin gunkin Sarafis a Iskandariyya. Ramsay MacMullen, a littafinsa na 1984, ya nuna cewa doka da tsoro da kwaɗayin abin duniya sun yi aiki ƙwarai a wannan ƙarni. Stark kuwa cewa ya yi Kwanstantin ya ga inda ruwa ke gangarawa ne ya bi.

A ganina a nan Stark ya ɗan zarce. A dubi ƙasar Farisa. Can ma akwai Kirista masu himma, har wa'azinsu ya kai ƙasar Sin a 635, kuma akwai dutsen da aka kafa a 781 mai ɗauke da labarin. Amma da yake ba sarkin Farisa ko ɗaya da ya karɓi addinin, ba su taɓa zama masu rinjaye ba.

Inda ba ɓoye-ɓoye shi ne yaƙin Sarki Sharlaman da kabilar Saksan ta Jamus, daga 772 zuwa 804. Littattafan fadarsa da kansu sun ce an kashe mutum 4,500 a garin Faden a 782, kuma ya kafa doka cewa wanda ya ƙi baftisma hukuncinsa kisa. Abin lura, babban malaminsa Alkuwin ya yi gargaɗi cewa ana iya tilasta wa mutum baftisma, amma ba a iya tilasta masa gaskatawa. Haka a Sifen, a 1492 aka ce Yahudawa su tuba ko su fita, a 1502 aka faɗa wa Musulmin Kastila haka nan.

To, mu fa a nan gida? Galibi akan ce Bature ya zo da Littafi a hannu ɗaya, bindiga a ɗayan. Akwai ƙamshin gaskiya, amma labarin ya fi haka sarƙaƙiya. 'Yan mishan sun sauka Badagiri a 1842, Abekuta da Kalaba a 1846, Anaca a 1857, tun kafin mulkin mallaka ya kafu, kuma yawancin masu aikin baƙar fata ne, 'yantattun bayi daga Saliyo irin su Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop a 1864. Shekaru da dama suka yi a ƙasar Ibo ba su sami mutane da yawa ba. Sai bayan sojan Ingila sun ci ƙasar Aro a 1901 zuwa 1902 jama'a suka fara tururuwa. Masanin tarihi F. K. Ekechi ya nuna cewa da yawa sun shiga ne don sun ga ɗan mishan na iya tsaya musu a gaban hukuma, kuma makarantarsa ce ƙofar aikin albashi. Ba a ɗora wa kowa bindiga aka ce ya tuba ba, amma bindigar ce ta canja kasuwar.

A Arewa kuwa abin ya juya. A 1903 Gwamna Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin Musulunci ba, kuma razdan-razdan suka yi ta tare 'yan mishan kada su shiga biranen sarakuna. Likita Mila ya samu ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, amma a ƙarshen shekarun 1920 aka mai da mishan ɗin Wusasa, bayan gari. Inda aikin ya yi ƙarfi shi ne ƙasashen da ba Musulmi ba, kamar Filato da kudancin Zariya da Adamawa, kuma malaman bishara 'yan ƙasa ne suka ɗauke shi ƙauye ƙauye, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932.

Marigayi Lamin Sanneh, masani ɗan Gambiya, ya dogara da wannan batu na fassara a littafinsa na 1989, ya kuma jawo hankali ga wani abu: Kiristan Afirka ba su wuce kimanin miliyan 9 ba a 1900, yau sun haura miliyan 600, kuma mafi yawan ƙaruwar ta zo ne bayan Turawan mulki sun naɗe tabarmarsu. Hasali ma waɗanda suka fi kowa tara jama'a a zamanin Turawa, hukumar ba ta so su ba. William Wade Harris, mutumin Laberiya mai yawo da farar riga da gicciyen gora, an ce ya yi wa fiye da mutum dubu ɗari baftisma tsakanin 1913 da 1915, Faransawa suka kore shi daga ƙasar Kwaddibuwa. Garrick Braide na yankin Neja Delta ya yi wa'azin a bar giya, abin da ya taɓa kuɗin shigar gwamnati, aka kama shi a 1916. Joseph Babalola, wanda ya cika garin Ilesha da masu neman addu'a a 1930, shi ma Turawan Ingila sun ɗaure shi a 1932.