Bin Salsalar Bajamushen da Ya Yi Ƙaura Zuwa Amurka a Zamanin Mulkin Mallaka: Misalin Gidan Eisenhower

Neman asali abu ne da kowace al'umma ta ba shi muhimmanci, sai dai hanyoyin nemansa sun bambanta. A ƙasar Hausa akan dogara ne ga bakin dattawa da maroƙan fada da kuma kundayen malamai. Amurkawa kuwa, da yake yawancinsu zuriyar baƙi ne, takardu suke bi. Wannan maƙala za ta duba yadda ake bin salsalar Bajamushen da ya shiga Amurka tun tana ƙarƙashin mulkin Ingila, watau kafin shekarar 1776. An ɗauki gidan Dwight Eisenhower, shugaban Amurka daga 1953 zuwa 1961, a matsayin misali, domin kuwa an bi salsalarsa ƙwarai, kuma matsalolin da ke cikinta su ne ake tararwa a sauran gidaje. Babbar matsalar ita ce haɗa mutumin da aka samu sunansa a Amurka da ƙauyen da ya baro a Jamus.

Yadda ƙaurar ta kasance

Abu na farko da ya kamata mai bincike ya riƙe shi ne, a ƙarni na 18 babu wata ƙasa ɗaya mai suna Jamus. Ba a haɗe ta ba sai a 1871. Abin da ke akwai shi ne ɗaruruwan ƙananan masarautu da birane masu cin gashin kansu, kowanne da sarkinsa da ɗariƙarsa ta Kirista da ma'ajiyar takardunsa. Saboda haka in an ce wa mutum kakansa daga Jamus ya zo, ba a gaya masa kome ba tukuna.

Ƙaurar ta soma ne a 1683, sa'ad da iyalai 13 daga garin Krefeld suka sauka a Fensilbaniya, suka kafa garin Germantown kusa da Filadelfiya. A 1709, bayan yaƙe-yaƙe da wani matsanancin hunturu da ya kashe gonakin inabi, mutane kimanin 13,000 suka kwarara zuwa Landan, aka aika da wajen 3,000 daga cikinsu zuwa New York a 1710. Daga nan sai hanya ta buɗe. Mai ƙaura yakan bi kogin Rhine a jirgin ruwa, yana biyan kuɗin fito a kan iyakar kowace masarauta, har ya isa Rotterdam ta ƙasar Holan. Daga can jirgi ya tsaya a wata tashar Ingila, galibi Cowes, kamar yadda dokar Ingila ta tanada, sa'an nan ya tsallaka teku. Da yawa guzurinsu kan ƙare tun a hanya, sai su yarda a sayar da aikinsu na wasu shekaru ga wanda zai biya musu kuɗin jirgi a Filadelfiya. Wani Bajamushe mai suna Gottlieb Mittelberger, wanda ya yi wannan tafiya a 1750, ya bayyana wahalarta a littafin da ya wallafa a 1756.

Da yake ayarin farko daga yankin Pfalz da kewayensa suka fito, wanda Turawan Ingila ke kira Palatinate, sai akawunan gwamnati suka riƙa kiran kowane Bajamushe da sunan wannan yanki, ko da daga Württemberg ko Alsace ko Suwizalan ya fito. Wannan ya ɓatar da masu bincike masu yawa, suka yi ta tono a inda kakanninsu ba su taɓa zama ba.

Takardun jiragen ruwa

Yawan Jamusawa ya tsorata hukumar Fensilbaniya. A 1727 majalisar lardin ta umarci kowane kyaftin ya miƙa jerin sunayen fasinjojinsa, kuma kowane namiji mai shekara 16 zuwa sama ya je ya yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila, ya sa hannu. Daga 1729 aka ƙara wata rantsuwar, ita ma da sa hannu. Abin da aka yi don tsoro sai ya zama taska ga masana tarihi. An tattara waɗannan takardu a littafin Pennsylvania German Pioneers na Ralph Strassburger da William Hinke, wanda ya fito a 1934 cikin juzu'i 3, juzu'i na biyu kuwa hoton sa hannun mutanen ne da kansu. A cikin irin wannan jeri ne aka samu Hans Nicolaus Eisenhauer, wanda ya sauka Filadelfiya daga jirgin Europa a watan Nuwamba na 1741.

To amma wannan taska tana da giɓi. Mata da yara ba su rantsuwa, don haka sai an yi dace kyaftin ya rubuta su. Babban giɓin kuma shi ne, da wuya a ga an ambaci garin da mutum ya fito. Akan rubuta cewa jirgi ya taso daga Rotterdam, ke nan. Bugu da ƙari, jerin kyaftin Bature ne ya rubuta shi, yadda kunnensa ya ji, shi ya sa masana suka fi amincewa da sa hannun mutum. Wanda bai iya rubutu ba kuwa alama kawai yakan yi, akawu ya rubuta masa suna yadda ya ga dama. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san yadda Sakkwato ta koma Sokoto a alƙalamin Turawa.

Matsalar suna

A nan ne aikin ya fi wuya, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ma'anar Eisenhauer ita ce mai saran ƙarfe, watau mahaƙin tama. A Amurka sunan ya juya ya zama Eisenhower, wasu rassan kuma suka rubuta shi da harafin I a farko. Wannan sauyin sauti ne kurum, kamar yadda Andreas Huber, wanda ya sauka a 1738, ya zama Andrew Hoover, kakan kakannin Shugaba Herbert Hoover. Akwai kuma inda aka fassara sunan ɗungurungum: Zimmermann ya koma Carpenter, watau kafinta, Koch ya koma Cook, Fuchs ya koma Fox. Wanda ya gaji irin wannan suna yana iya ɗauka cewa shi jinin Ingila ne, alhali ba haka ba ne.

Sunan yanka ma yana da tasa rikitarwa. Al'adar Jamusawan wancan zamani ita ce a raɗa wa yaro suna biyu. Na farkon, kamar Johann ko Hans, don neman albarka ne, na biyun kuwa shi ne wanda ake kiransa da shi. Mata kuma Anna ko Maria kan zo musu a gaba. Saboda haka uba ɗaya yana iya haifar Johann Peter da Johann Georg da Johann Martin, kowannensu Johann. Bahaushe ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba, tun da gida ɗaya akan samu Muhammadu Sani da Muhammadu Bello da Muhammadu Lawal, ba kuwa mai kiran ɗayansu Muhammadu. Akawun Ingila bai san haka ba, sai ya rubuta John ga dukkansu. Da haka 'yan'uwa uku kan narke su zama mutum ɗaya a takarda, ko kuwa mutum ɗaya ya rabu biyu, John a takardar haraji, Peter a littafin coci.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, dacewar suna ba hujja ba ce. Akwai littattafan tarihin gidaje da dama da aka gina bisa cewa an ga mai suna kaza a jirgi kaza, aka ɗauka shi ne kakan da ake nema, don kawai shekarun sun yi kusa. Irin wannan kuskure da zarar an buga shi, sai na baya su yi ta kwafa har ya zama kamar gaskiya.

Daga sananne zuwa wanda ba a sani ba

Ƙa'idar masana ita ce a faro daga mutumin da aka tabbatar, a riƙa komawa baya uba bayan uba, kada a tsallake ko ɗaya. An haifi Dwight Eisenhower a Denison ta jihar Texas a 1890. Mahaifinsa David an haife shi a 1863 a Elizabethville ta Fensilbaniya. Kakansa Jacob, mai wa'azi a ɗariƙar River Brethren, shi ya kwashe iyalinsa zuwa Kansas a 1878. Jacob ɗan Frederick ne, Frederick ɗan Peter, Peter kuwa ɗan Hans Nicolaus. Kowace gaɓa a wannan sarƙa tana bukatar tata shaida, kamar dai yadda malaman hadisi ba su karɓar isnadin da ya yanke.

A ƙarni na 19 aikin yana da sauƙi, domin daga 1850 ƙidayar jama'ar Amurka ta soma rubuta sunan kowa da ke cikin gida. Ƙidayar farko ta 1790 sunan maigida kaɗai ta ɗauka. Kafin nan kuwa babu ƙidaya, sai a koma ga wasiyyoyi da takardun rabon gado, inda akan jera 'ya'ya da sunayen mazan 'ya'ya mata, da jerin masu biyan haraji, da takardun mallakar fili na ofishin iyalin Penn, masu lardin. Akwai kuma takardun zama ɗan ƙasa, saboda wata dokar Ingila ta 1740 ta ba baƙo damar nema bayan zaman shekara 7.

Wani abin lura shi ne sauyin iyakokin gundumomi. Yankin Bethel, inda Hans Nicolaus ya yi gona, yana cikin gundumar Lancaster a zamaninsa. A 1785 aka yanki Dauphin daga Lancaster, a 1813 kuma aka ƙirƙiri Lebanon. Ke nan gida yana iya zama a gona ɗaya shekara 70 bai gusa ba, amma takardunsa suna warwatse a kotuna uku. Haka kuma kwanan wata yana iya ruɗarwa. Ingila da ƙasashen da take mulka ba su karɓi sabuwar kalanda ba sai a 1752, alhali masarautun Furotesta na Jamus sun gyara tasu tun 1700. A shekarar da Europa ya iso, bambancin kwana 11 ne tsakanin lissafin Filadelfiya da na ƙauyukan Jamus.

Littattafan coci su ne suka fi kome amfani, musamman na Lutheran da Reformed, inda ake rubuta baftismar jarirai da aure da mutuwa. Sai dai ɗariƙun da ba su yi wa jarirai baftisma, irin su Mennonite da Amish da River Brethren, ba su bar irin wannan rajista ba. Ga waɗannan sai a nemi abin da aka rubuta a shafukan farko na Baibul ɗin gida, ko a kan duwatsun kaburbura.

Tsallaka teku

Ta yaya ake gano ƙauyen? Wani lokaci fasto yakan rubuta garin ango a rajistar aure, ko ya ambaci mahaifar mamaci a rajistar jana'iza. Wani lokaci kuma amsar tana can Jamus. Talakan wancan zamani ba ya barin ƙasar sarkinsa sai da izini, kuma sai ya biya wani kaso na dukiyarsa, akawun fada ya rubuta. Amma hanyar da ta fi ba da sakamako ita ce lura da abokan tafiya. Jamusawa ba su ƙaura ɗai-ɗai. Dangi da surukai da maƙwabta suke tashi tare, su tsaya kusa da juna a layin rantsuwa, su sari gonaki a jere, su tsaya wa 'ya'yan juna a wajen baftisma. In an rasa garin mutum, sai a nemi na wanda ya sa hannu kusa da shi. In aka tarar da sunaye huɗu ko biyar na jirgi ɗaya a littafin cocin ƙauye ɗaya, kuma duk suka ɓace daga littafin a shekarar da jirgin ya tashi, to an samu hujja mai ƙarfi. Da irin wannan dabara ce Henry Z. Jones ya gano garuruwan ɗaruruwan iyalan da suka je New York a 1710, ya wallafa sakamakon a 1985. Annette Burgert ma ta yi makamancin wannan aiki a kan na Fensilbaniya.

Gidan Eisenhauer daga ƙauyen Karlsbrunn ya tashi, a dajin Warndt na masarautar Nassau-Saarbrücken, wanda a yau yake cikin jihar Saarland kusa da iyakar Faransa. To amma a nan ma akwai darasi. A 1717 aka kafa Karlsbrunn, a gefen wata masana'antar gilashi. Mutumin da ya isa Amurka a 1741 da 'ya'ya manya ba zai yiwu a ce a can aka haife shi ba. Masu bincike sun bi sawun gidan zuwa yankin Odenwald, gabas da kogin Rhine. Watau garin da mutum ya taso daga gare shi daban, mahaifarsa daban, musamman a yankunan da yaƙi ya kwashe mutanensu, sarakuna suka yi ta gayyato baƙi su zo su raya su.

Wanda ya kai ga littafin cocin ƙauyen zai tarar da shi cikin tsohon rubutun hannu na Jamusawa da ake kira Kurrent, wanda yawancin Jamusawan yau ba su iya karanta shi sai sun koya, na cocin Katolika kuma galibi da Latin yake. An ɗauki hoton da yawa daga cikin waɗannan littattafai an sa a intanet, a wurare kamar Archion da Matricula da FamilySearch. Gwajin ƙwayar halitta ta layin uba yana iya nuna cewa wani gida na Amurka da wani na Jamus kakansu ɗaya, amma ba ya faɗin sunan kakan ko shekarar da ya rayu. Littattafan kansu ma suna da iyaka. Wajibcin rubuta baftisma da aure a cocin Katolika daga 1563 ya faro, na Furotesta ma a wannan ƙarni suka soma nasu, sa'an nan Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, da mamayar da Faransa ta yi wa Pfalz daga 1688, suka ƙone da yawa daga cikinsu. A ƙauyuka masu yawa na wannan yanki, shafin farko na littafin da ya tsira yana farawa ne bayan waɗannan yaƙe-yaƙe, kuma a nan salsalar mafi yawan talakawa take tsayawa.