BINDIGA TANA GARGAƊI KAFIN TA FASHE

Daga Wakilinmu

Masu tarihi sun ruwaito cewa kafin hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Ɗegel zuwa Gudu a shekarar 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya kira shi fadarsa a Alkalawa, ya auna shi da bindiga. Da ya harba, sai wutar ta komo baya ta ƙona shi. Malamai sun lissafa wannan cikin karamomin Shehu. Birnin Alkalawa ya faɗi a 1808, kufansa yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a yau, amma bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki tana nan a ƙasar Gobir, kuma har yanzu takan juyo kan mai riƙe da ita.

A da, maharba ne da 'yan bindigar sarki masu harbin bukin Sallah suka san wannan makami. Rashin tsaron da ya addabi Sabon Birni da Isa ya sa bindigar toka ta shiga hannun manoma da samari waɗanda ba su gaji harbi ba, ba su kuma zauna gaban wani maharbi sun koyi awo ba. Saboda haka ya kamata a san abin da ke fasa bindiga, da alamun da take nunawa kafin ta fashe.

ABIN DA KE FARUWA A CIKI

Idan wuta ta taɓa albarushi, nan take yakan zama iska mai zafi wadda ke neman mafita. Ita ce ke tura dalma waje, amma da ƙarfin da take tura dalmar, da shi take tura jikin bututu ta kowace fuska. Muddin matsin ya fi abin da ƙarfen zai iya ɗauka, to, zai buɗe wa kansa ƙofa ta wurin da ya fi rauni, sau da yawa kusa da hannun hagu ko fuskar mai harbi.

Saboda haka ne aka kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham ta Ingila tun 1813, inda ake harba sabon bututu da ɗurin da ya wuce ƙa'ida, in ya jure a buga masa hatimi. A Amurka kuma ƙungiyar masu ƙera makamai da aka kafa a 1926 ta ƙayyade iyakar matsi ga kowane irin harsashi. Misali, harsashin farauta mai suna .308 Winchester iyakarsa fam 62,000 ne a kan kowane inci murabba'i. Bindigar maƙerin ƙauye kuwa, wadda akan ƙera da bututun ruwan famfo ko na sitiyarin mota, ba wanda ya gwada ta, ba kuma wanda ya san iyakarta. Bututun famfo ma yana da ɗinkin walda daga kai har gindi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

DARASI DAGA MASU CIKA KWANSO

A Turai da Amurka akwai maharba da ke sake cika kwanson harsashi da hannunsu, da ma'auni da littafin awo. Sukan fara da awo na ƙasa, su riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, suna duba kwanso bayan kowane harbi. Idan ɗan maɓallin da ke gindin kwanso ya baje, ko ya huje, ko ya faɗo da kansa; idan gindin kwanson ya kumbura ko ya fito da tambari mai sheƙi; ko kuwa sakatar bindiga ta yi taurin buɗewa, sun san matsi ya yi yawa, sai su tsaya.

Amma gwaji da na'ura ya nuna cewa sau da yawa alamun ba sa bayyana sai an riga an wuce iyaka. Wato rashin ganin alama ba shaidar lafiya ba ne. In haka take ga bindigar masana'anta, ina ga ta maƙera?

ALAMUN BINDIGAR TOKA

Bindigar toka ba ta da kwanso, don haka a jikinta ake karanta gargaɗin. Na farko, dukan da take yi wa kafaɗa ya fi na kullum, ƙararta kuma ta sauya. Na biyu, ƙarfen da ke buga wuta ya koma baya da kansa bayan harbi. Na uku, hayaƙi ko baƙin tabo ya bayyana a gindin bututu inda aka toshe. Na huɗu, kumburi a jikin bututu, wanda yatsa kan ji tun ido bai gani ba. Na biyar, tsagewa a katakon ƙota, ko ɗaurin bututu ya saki. Ko guda daga cikin waɗannan ya isa a ajiye bindiga. Bututun da ya kumbura ya gama aiki, naɗa masa waya ko roba ba ya mayar masa da ƙarfinsa.

Abubuwan da ke kawo haka sanannu ne. Akwai ƙara albarushi da tunanin harbi zai fi nisa, alhali ƙarin yakan tafi ne a wuta da duka. Akwai ɗuri kan ɗuri, in mutum ya manta ya riga ya ɗura, abin da kan faru cikin firgita da duhu. Maganinsa a yi wa sandar ɗuri zane guda biyu, na bindiga wofi da na ɗuri ɗaya. Akwai barin fili tsakanin albarushi da dalma, musamman in dauɗar hayaƙi ta taru ta hana dalma sauka. Akwai kuma toshewar baki da laka, ko gidan zanzaro a bindigar da ta daɗe rataye a ɗaki.

Mafi muni shi ne zuba garin harsashin zamani ko kan ashana a madadin albarushi. Garin da ba ya hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, ya ninka albarushi ƙarfi wajen sau uku. A irin wannan ɗuri babu gargaɗi, harbin farko yana iya zama na ƙarshe. Haka nan in bindiga ta ƙi tashi, kada a leƙa bakinta. A bar ta tana duban wurin da ba kowa na aƙalla minti ɗaya, domin wuta takan makara.

Dokar Makamai ta 1959 ta ambaci bindigogin da ake ɗurawa ta baki a rukuninsu na dabam, ta kuma sa lasisinsu da izinin ƙera su a hannun 'yan sanda. Amma doka ba ta zama tare da mutum lokacin da yake ɗuri. Ma'aikatan gona da na lafiya da malaman makaranta da ke aiki a ƙauyukan Gulbin Rima, da ɗalibai masu komawa gida hutu, su ne za su iya kai wannan bayani zaurukan masu gari da sarakunan baka. Manomin da ya rasa yatsu a rani, da wane hannu zai riƙe fartanya in damina ta faɗi? Allah Ya kiyaye, amin.