Tsofaffin jiragen yaƙi masu farfela: yadda ake rayar da su a Faransa

Duk wanda ya taɓa tsayawa ranar kasuwa a Tagriss ko Dakoro ya ga yadda makaniki ke rayar da tsohuwar mota: a kwance biyu da suka mutu don ta uku ta tashi. A ƙasar Faransa akwai masu irin wannan sana'a, sai dai su jiragen sama na yaƙi suke rayarwa.

Kowace shekara, lokacin bikin Pentecôte, dubban mutane kan taru a filin ciyawa na La Ferté-Alais, kudu da Paris, inda ƙungiyar Amicale Jean-Baptiste Salis ke tayar da jirage masu farfela, wasunsu sun haura shekara 70. Wanda ya fi jan ido shi ne Corsair, na sojan ruwan Amurka, wanda masu kallon "Les Têtes brûlées" suka sani. Fikafikansa a lanƙwashe suke, kuma da dalili: injinsa mai silinda 18 da ƙarfin doki wajen 2000 yana juya farfela mai faɗin mita 4. Da an miƙe fikafikan, da sai an yi masa dogayen ƙafafu, su kuwa ba za su jure saukar da ake yi da ƙarfi a kan jirgin ruwa ba. An ƙera 12.571; na ƙarshe ya fito a 1953, kuma sojan ruwan Faransa ne suka karɓe shi. Sun yi aiki da wannan samfuri a Suwes cikin 1956, da yaƙin Aljeriya, har zuwa 1964.

Wanda ya fi shafarmu dai shi ne Skyraider. Shi ma don jirgin ruwa aka ƙera shi, ya fara tashi a 1945, amma a tudu ya tsufa. Faransa ta sayi sama da 100 saboda yaƙin Aljeriya, sannan ta girke wasu a Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, inda aka yaƙi ƴan tawayen Frolinat da su. Da ta gama da su, ta miƙa wasu ga Cadi da Gabon. Masu neman tsofaffin jirage suka bi sawunsu, kuma da dama daga cikin Skyraider da ke tashi yau a Turai da Amurka daga Afirka aka kwaso su.

Riƙon irin wannan jirgi ba na mai ƙaramin jari ba ne. Masana'antar ta daina ƙera kayan gyaransa tun da daɗewa, sai a nemi tsohon ajiya ko a ƙera da hannu. Man da yake sha ma na musamman ne, mai gubar dalma. Aikin gyara kan ci shekaru, kuma yawancin masu yinsa ba albashi suke karɓa ba. Masana ma sun rabu: wasu na cewa a kulle su a gidan tarihi, tun da wanda ya faɗi ba shi da magaji; wasu na cewa jirgin da ba ya tashi gawa ce.

A ganina, abin da ya rage shi ne a riƙa faɗin tarihin dukansa. Ƴan kallo kan tafa in Skyraider ya wuce da rugugi, alhali akwai dattawa a arewacin Cadi da suka ji wannan rugugin daga ƙasa, ba a wurin biki ba.