Mai Jiyya Da Kiɗa: Aikinsa Da Karatunsa

Yau za mu yi muku bayanin wani aikin asibiti wanda da yawanku ba ku taɓa jin labarinsa ba, watau jiyya da kiɗa da waƙa.

Kun dai san amfanin kiɗa wajen aiki. Ran gayya, in makaɗi ya saki gangar noma, sai ka ga wanda ya gaji ya sāke duƙawa, fartanyarsa tana bin kiɗa. Haka mata wajen daka, haka uwa mai rarrashin jariri. To, wannan abin da kuka sani shi ne masana suka bincika, suka mai da shi ilmi.

Ga asalinsa. Lokacin yaƙin duniya na biyu, makaɗa sukan tafi asibitocin soja a Amurka su yi wa masu rauni kiɗa. Likitoci suka ga majiyyata suna samun sauƙi a zuciya, amma suka lura makaɗi yana bukatar horo kafin a bar shi da marar lafiya. A cikin 1944 babbar makarantar jihar Mishigan ta fara koyar da wannan aiki har matakin digiri.

Yaya aikin yake? Wani in ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana takan ɗauke masa, domin ga yawancin mutane wurin magana yana gefen hagu na ƙwaƙwalwa. Amma sau da yawa yana iya rera waƙar da ya sani tun dā. Sai mai jiyya ya ɗauki gajeriyar magana, kamar "ba ni ruwa", ya sa mata karin waƙa, su rera tare, yana ɗan bubbuga masa hannun hagu. Kullum ana rage waƙar kaɗan kaɗan, har wani ya kai ga faɗin maganar ba waƙa. Masana a birnin Boston ne suka bayyana wannan dabara a cikin 1973. Haka kuma mai ciwon karkarwa da ake kira Fakinsan, bugun kiɗa yakan taimake shi daidaita takunsa.

Kun ga ashe iya kiɗa kaɗai bai isa ba. A Amurka ɗalibi yakan yi shekara 4 a jami'a. Yana koyon kiɗa da waƙa, da yadda jikin mutum yake, da halayyar ɗan Adam, da cututtuka iri iri. Ana koya masa rubuta abin da ya gani ga majiyyaci, da riƙe asirinsa. Dole ya cika awa 1,200 yana aikin koyo, manya suna dubansa, sa'an nan ya ci jarrabawa kafin a ba shi shaida. A Ingila sai wanda ya riga ya sami digiri yake shiga, ya ƙara kamar shekara 2. A nan Afirka, Jami'ar Piretoriya ta Afirka ta Kudu ta fara wannan karatu a cikin 1999.

Yanzu ga gargaɗi. Wannan aiki ba ruwansa da kiɗan bori. Kiɗa kuma ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya warkad da zazzaɓin sauro ko tarin fuka. Taimako ne a kan maganin likita, ba madadinsa ba. In naku ya wayi gari baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta ɗauke, kada ku tsaya jira, ku kai shi asibiti nan da nan. In ya komo gida, ku riƙa zama da shi kuna hira, kuna rera abin da ya saba, yana kuma shan maganinsa.

In kuwa kuna da yaro mai kunnen kiɗa, mai tausayin marasa lafiya, kada ku bari ya bar makaranta. Ya riƙe kimiyya tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu lafiya, amin.